Kilo Uku na Ruwa

Gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka ba a san shi da lamba ba, da firijin ruwan da ke ƙofa aka san shi. Mahaifinmu ne ya kafa shi sadaka. Da ya rasu, mahaifiyarmu Hajiya ta gaje shi, da wankin kofunan da faɗa da mai gyara. Direbobin tasi, masu shara, duk wanda rana ta gasa, nan yake tsayawa. A wannan gidan ne Allah ya ga dama ya fitar da mutumin da sana'arsa ke hana shi shan ruwa.

Ɗan ƙanena ne, ɗan damben zamani, irin na safar hannu wanda ake biya. Su 'yan damben nan aji-aji ne bisa nauyi, kuma ana ɗora su a sikeli kwana ɗaya kafin karawa. Shi jikinsa ya ɗara ajinsa da kilo uku, amma ya ƙi hawa na gaba, wai can ƙatti ne. Kitsen da zai rage kuwa babu, don haka sai ya rage ruwa. Kwana biyu kafin awo ba ya kai kofi baki. Ya naɗe jikinsa da leda, ya ɗora rigar sanyi, ya shiga motar ubansa da azahar ya rufe gilasai, yana tofa yawu a gora kamar mai tara wani abin arziki.

Ni na yi shekaru ina koyar da kimiyya, sai na ga ga ɗalibi har gida. Na zana masa ƙoda a bayan ambulan, na bayyana masa yadda jini ke kauri da yadda ƙafa ke mutuwa in jiki ya bushe.

"Baffa," ya ce, "mu da muke azumi a zafin Makka? Mutanen ƙasar sanyi su iya, ni in kasa?"

"Mai azumi yana shan ruwa da magariba," na ce, "kuma ba wanda ke jiran sa da naushi."

Ya yi dariya, ya ce ilimin littafi ne.

A Jidda aka yi karawar, na je. Turmi uku na farko ya yi kyau, har na fara tunanin ko ambulan ɗina ne ya yi kuskure. A na huɗu ƙafafunsa suka daina jin maganarsa. Naushin da ya kayar da shi ko ƙofa ba zai rufe ba. A asibiti suka mayar masa da ruwan da ya sha wahalar fitarwa, ta allura, ɗigo-ɗigo. Likitan ya ce ƙoda tana yafe irin wannan sau ɗaya ko biyu, ba ta yi alkawarin na uku ba.

Bayan wata biyar aka sake sa masa rana, ya sake ɗauko ledarsa.

Ran nan da safe Hajiya ta ga ya ture shayi. Ta haura tamanin, ga maganin hawan jini a gabanta. Ba ta yi wa'azi ba, wa'azi nawa ne kuma an ga inda ya ƙare. Kofinta kawai ta kife a kan tire.

"Yau ni ma 'yar dambe ce," ta ce.

Muka ɗauka wasa ne. Hantsi ya yi, ba ta sha ba. Aka kira azahar, ta yi salla, ta sa aka kai mata kujera bakin ƙofa kusa da firijin, tana miƙa wa masu wucewa kofi, ita ko ɗigo. Shi kuwa yana cikin mota yana kallon ta. Bai cika minti goma ba ya fito, leda na ƙara a jikinsa, ya durƙusa. Kamar sauran 'ya'yanmu, in hankalinsa ya tashi Larabci ke riga Hausa fitowa, kaka ta koma sitti, ruwa ya koma moya.

"Sitti, haram! Ki sha moya, don Allah."

"A'a, angon leda. Ba ka ce ɗan Makka ba ya jin ƙishi ba? Na riga ubanka zuwa garin nan."

"Ke tsohuwa ce, za ki faɗi."

"Kai da kake yaro a Jidda tsayawa ka yi?"

Wani direban tasi da ke shan ruwa ya ƙware don dariya. Ɗan namu ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe ya cika kofi biyu.

"Kai fara," ta ce. Ta jira sai da ta ga ƙasan kofinsa.

Da la'asar ya kira mai horar da shi. Daga tsakar gida muna jin ihun mutumin ta waya, amma aka ɗage karawar, aka mayar da shi aji na gaba.

Da na keɓe da Hajiya na yi mata faɗa irin na malamai, na ce mai shekarunta ba ta wasa da ƙishi. Ta dube ni da tausayi.

"Duk karatunka ba ka lura sau nawa na yi alwala yau ba?" Ashe ba duk ruwan kurkurar baki take tofarwa ba.

Karawarsa ta farko da ƙattin bai ci ba, da maki aka rinjaye shi. Amma ya yi turmi takwas a kan ƙafafunsa, ya sauko da kansa, ya tambaye ni inda ake sayar da kaza. Karawa ta biyun shi ya ci. Yanzu kullum in zai tafi atisaye sai ya tsaya a ƙofa ya cika gorarsa, wani lokacin ma ya bi layi bayan masu shara. Wankin kofuna kuma Hajiya ta ɗora masa, ta ce mai shan ruwa da yawa haka ba zai sha a banza ba.