Ruwan Shuka da Motar Kano

Wata safiyar Alhamis ce cikin watan Yuni na shekarar 1988. Ina tsaye a bakin hanyar da ta fito daga Ɗanzomo, riƙe da jakar leda mai ɗauke da gajeren wando da ƙunshin ƙuli-ƙuli, ina jiran akori-kurar da za ta kai ni Gumel, daga can a wuce da mu Kano. An kwana ana ruwa. Ƙasa tana tashin ƙamshin nan da manomi ke jira tun kaka, kuma duk inda ka duba mutane ne bibbiyu a gonaki, na gaba yana sara da sungumi, na baya yana zuba iri yana rufewa da diddige. Gona ɗaya ce kawai na hango mutum shi kaɗai a cikinta. Tamu ce, mutumin kuwa mahaifina ne.

Bari in koma baya, a san abin da ya kai ni bakin hanyar. Ni tsawo ne ya raba ni da yara. Mahaifiyata ta rasu ana yaye ni, muka rage daga ni sai Baba a gidan, sai yayarsa Gwaggo Hansai da ke aiko mana da tuwo ta kan danga. Ina aji shida na firamare sai na sunkuya nake shiga ƙofar aji. In ana langa, turi ɗaya ake yi mini in zube kamar karan dawa. In ana raba 'yan ƙwallon tsumma, a gama zaɓe kaf ina tsaye, wai ƙafafuna na zalɓe ne. Ba a tunawa da ni sai tsamiya ta nuna a reshen sama, ko za a ɗora wa rumbu jinka. In na wuce majalisa a ce, “Dogo, yaya labarin sama? Za a yi ruwa bana?” Na saba. Na koma hira da awakinmu biyu da jakin Gwaggo.

A wannan shekarar aka turo mana ɗan bautar ƙasa daga Filato, Malam Bulus, mai Hausa garau sai dai da ɗan karkace. Ya zo da wata ƙwallo mai nauyi, jikinta ƙuraje-ƙuraje kamar ɓawon lemo, ya ce ba da ƙafa ake buga ta ba. Ya samo tsohon wilin keke wajen mai faci, ya cire masa wayoyi, ya kafe shi da katako a jikin darbejiyar da ke bayan ajinmu. Sai ga matsala. Ƙasarmu rairayi ce, in ka doka ƙwallon sai ta zauna daram kamar kabewa. Yara suka yi dariya, suka shure ta da ƙafa, ta ji musu ciwo a yatsu, suka watse. Malam ya ce sai an sami ƙasa mai tauri. Siminti kuwa ko a masallacinmu babu a lokacin. Da na faɗa wa Gwaggo sai ta ce, “To ba sai a yi daɓe ba?” Na yi ta jidar jar ƙasa da tsakuwa daga kududdufi a mangalar jaki, ta ara mini madaɓinta, ta jiƙa mini makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke sa daɓe ya yi tauri. Daɓe aikin mata ne, a taru ake yi da waƙa in za a kai amarya ɗaki. Ni kaɗai na durƙusa nake bugu, samari na wucewa suna cewa, “Amarya, yaushe ne tarewar?” Ranar da ya bushe na doka ƙwallon ta dawo hannuna da kanta.

Daga nan kullum in na yanko wa awaki ciyawa sai gindin darbejiya. Malam ya koya mini riƙo da jifa da juyi, in ya gaji ya zauna a kan saiwa yana kallo. A bakinsa na fara jin cewa ƙasar nan tana da ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza, dogaye irina, ana sa su a jirgi su je su kara da wasu ƙasashe. Ya ce har lokacin ba mu taɓa ɗaukar kofin Afirka ba, su Senegal da Masar sun sha gabanmu, amma rana na nan zuwa. Ya dafa ni ya ce, “Haladu, akwai inda ake neman irinka da fitila.” Ban taɓa jin wanda ya ambaci tsawona ba tare da dariya ba sai ranar. Da aikinsa ya kusa ƙarewa sai ya zo da labari: za a tara yara a Kano a zaɓi waɗanda za a horar, ya kuma ba da sunana. Tare za mu tafi, daga can shi ya wuce garinsu.

Sai dai ranar ta faɗo a bakin damina. Wanda bai yi noma a jigawa ba ba zai gane ba. Ruwan shuka in ya sauka, danshin ba ya jiran kowa, rairayi ne, kafin ka ankara ya tsotse. Shuka kuwa aikin mutum biyu ne, kuma a irin wannan safiya ko ɗan'uwanka ba ka samu, kowa na tasa gonar. Baba ga ciwon baya. Sai na roƙe shi mu yi binne, wato mu rufe irin a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, in ya sauka ya tarar da shi. Wasu na yi, amma Baba ya tsani binne. Mahaifinsa ya ba shi labarin babbar yunwar da aka yi farkon zuwan Turawa, yadda suka binne iri ruwa ya yaudare su, suka rasa na ci suka rasa na shuka. “Ba a caca da iri,” abin da yake faɗa ke nan tun ina ƙarami. Wata safiya sai na ga ya sauko da damin iri daga rumbu yana sussukawa. Ya ce, “Ɗauko sungumi.” Muka binne gero a ƙasa mai zafi kamar toka, maƙwabta na tsayawa suna kallon Baba kamar ya sake addini.

Abin da yake tsoro shi ya faru. Aka yi yayyafi daidai wanda zai ruɗi iri, gona ta yi tsiro kore shar, sannan sama ta ɗauke. Muna kallo rana ta ƙone shi tas. Baba bai ce “na gaya maka” ba. Ya buɗe wata tukunya da ya toshe a ɗakinsa, ashe ya rage iri, kuma shi ne na ƙarshe. In wannan ya kuskure, babu gero a gidanmu wannan shekarar. Ruwan gaske kuwa bai tashi zuwa ba sai jajiberin tafiyata. Da gari ya waye Baba ya ɗaure ƙugu da tsohon rawani, ya saɓa sungumi, ya ɗauki ƙwaryar iri. “Je ka,” ya ce, “mota ba ta jiran mutum. Ka gaishe da malaminka.”

To, ga ni a bakin hanya ina hangensa. Ya sara layi har ƙarshe, ya ajiye sungumi, ya dawo ya ɗauki ƙwarya, ya bi yana zubawa, ya tsaya ya dafe baya. A haka danshi zai tafi bai kai rabin gonar ba. Akori-kura ta iso, Malam Bulus na gaba kusa da direba. Ya ce, “Shigo, Dogo!” Na ce, “Malam, ku je.” Ya bi inda nake kallo da ido. Shi ma ɗan manoma ne, bai tambaye ni dalili ba. Ya sunkuya ya ciro ƙwallon daga tsakanin ƙafafunsa, ya miƙo mini ta taga. Ban ƙara ganinsa ba.

Na ajiye leda da ƙwallo a kan kunyar gona, na ɗauki sungumi. Baba bai yi godiya ba, bai yi faɗa ba. Sai da muka gama layin farko yana biye da ni ya ce, “Ka rage taku, ramukan sun yi nisa. Ba kowa ke da ƙafarka ba.” Iyakar maganar da muka taɓa yi a kan Kano ke nan har ya koma ga Allah. Gero ya yi kyau a shekarar, rumbu ya cika. Na ci gaba da jifa ni kaɗai a gindin darbejiya har ƙayar aduwa ta huda ƙwallon. Na kai ta kasuwar Maigatari, masu faci suka jujjuya ta suka ce ba su san kanta ba.

Ba na cewa da na je da an ɗauke ni. Ƙila da an dube ni an ce in koma gida. Yanzu noma nake, da rani kuma in ɗaure kaya a kan manyan motoci a Maigatari, nan ma don tsawon ake kirana, ciwon bayan Baba kuma ya dawo jikina. Ƙungiyar nan da Malam ya ba ni labari ta je gasar Olamfik a 2012, a 2015 kuma ta doke Angola ta ɗauki kofin Afirka. A gidan kallonmu ba wanda ya sani, ƙwallon ƙafar Turai kawai ake sawa. Ɗana ne ya nuna mini a wayarsa: dogaye zalla, suna rungumar juna, ba mai yi wa wani dariya. Na ce ya maimaita mini, ya maimaita, sannan ya ce cajinsa zai ƙare. Na rasa wanda zan ce wa ranar da Malam ya faɗa ta zo. Darbejiyar na nan, ɓawonta ya haɗiye ƙusoshin da guntun ƙarfen, rairayi ya rufe daɓen. Geron waccan shekarar tuni muka cinye shi. Safiyar ce ta ƙi ƙarewa.