Surukina ya kankare min tsatsar wata huɗu

Jama'a, yau an yi min alherin da ya kusa sa ni kuka!

Kun san keken nan da nake haɗawa, wanda na samo firam ɗinsa, wato gangar jikinsa, a Riruwai? Wata huɗu ina fesa masa ruwan gishiri da lemon tsami, har tsatsar ta fito jawur yadda nake so, don ita ce adon keken. Na tsawaita kan, na sauke sirdin ƙasa. Ranar Asabar mu masu haɗa irin wannan keke za mu nuna kekunanmu a Kano.

Na dawo daga gona bayan azahar, babu keke a zaure! Na tambayi maiɗakina. Ta ce, "Baba ne ya zo daga garin Ƙofa, ya tura shi wajen mai gyara a Bebeji." Babanta fa, surukina!

Na hau babur, sai Bebeji. Ina isa na tarar an goge tsatsar tas da samfefa. An shafa koren fenti mai sheƙi! An sa madigadi, an sa kariya ta ɗaukar kaya, har da furen roba a gaba!

Mai gyaran ya ce, "Wallahi na sha wuya. Tsatsar nan kamar da gangan aka yi ta."

Da gangan ne mana!

Ga Baba a kan benci yana murmushi. Ya ce, "Malam Sani, na ga abin da kake hawa, raina ya sosu. In babu, ka riƙa faɗa."

Ya zan yi da suruki? Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

Sai ya ce ya ga wani keken nawa ma mai tsatsa a bayan ɗaki. Gobe zai aiko a ɗauka!