Tukunyar da Ke Komawa Gida da Ƙafarta

Ni dai tun ina ƙarama ban yarda da kayan aro ba, kuma Inna Tumba ce ta ja mini. Kakarmu ce ta wajen uwa, a Birnin Tsaba. Idan aka sauke tuwo bayan magariba ba ta barin wutar murhu ta mutu, sai ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta muna haɗiyar yawu. Ba mai samun gyaɗar sai an gama tatsuniya, wayon tsohuwa ke nan don kada wani ya sulale. "Ku matso, ta iso da zahinta," in ji ta, mu kuma mu ce a zuba mana.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai a wata shekarar yunwa tukunyar wata mata ta fashe, ta je aro wurin wata tsohuwa da ke zaune bayan gari. Tsohuwar ta ba ta, ta ce kada ta wahalar da kanta da maidowa, bayan kwana uku tukunyar za ta dawo da ƙafarta. Matar har da godiya, an rage mata tafiya. Alhali rumbunta babu ko ƙwayar hatsi, dusa da tafasa take dafa wa 'ya'yanta, sannan ta fito tana sakace kamar wadda ta ci nama. A wurinmu kuwa tukunyar aro sai an wanke ta tas da toka kafin a mayar, don kada mai ita ta san abin da kika dafa. Ran na uku, tana cikin kwasa, tukunyar ta diro daga murhu ta bi ta tsakiyar gari da ƙanzon dusa a cikinta. Kafin la'asar kowa ya san halin da gidan ke ciki.

A nan Inna take tsayawa, ta nuna mu da guntun icen da take tona wuta. "Abin aro baki gare shi, ɗiyana. Duk abin da yas san hanyar gidansu, labarinku za shi kai."

Shi ya sa ranar da ƙanena Lawali ya zo mini Ƙaura daga Shinkafi da na'urar karanta littattafai har biyu, wai in zaɓi ɗaya tunda koyarwa nake yi kuma littafi ya yi tsada, na titsiye shi kamar ɗan sanda. Tana da kyamara? Ana sa mata layi? Tana jin abin da ake faɗa a ɗaki? Yana dariya yana rantsuwa babu. Na ture mai launin nan mai ƙyalli, na ɗauki mai fari da baƙi wadda fuskarta ke kama da takarda, caji ɗaya ya kai ta makonni. Ya haɗa ta da wani laburare na intanet inda yake da rajista, ya ce daga ɗakina zan iya aron littafi, bayan mako biyu littafin zai koma da kansa. Na ce da kansa fa? Ya ce ai sauƙin ke nan.

Wata uku ban ari komai ba sai littattafan lissafi na aji. Sannan na ji wani ƙullutu a nonona na hagu. Ban gaya wa kowa ba, har maigida. Tsoro nake ji, wallahi, ga kunya, ga gudun a fara yi mini kallon ta tafi. Na ce wa raina tunda ba kyamara ba layi, bari in tambayi littafi. Na ari guda biyu kan sankarar mama, in na karanta sai in naɗe na'urar a zane in tura ƙasan akwati.

Ashe tunda rajistar da sunan Lawali take, duk abin da aka ara yana fitowa a wayarsa. Ranar da littattafan suka koma, saƙo ya shigar masa da sunayensu. Da hantsi sai ga shi a ƙofar gida, wando duk laka, ya biyo hanyar Shinkafi a babur, hanyar da yanzu ba a binta sai dole. Ko zama bai yi ba.

"Yaya, tun yaushe?"

Na wanke shi tas. Na kira shi mai leƙen asiri, marar kunya, na ce ya ɗauki tsiyarsa ya bar mini gida. Ya sunkuyar da kai har na gaji. Sannan ya ce ya riga ya ga maigida a shago, gobe da safe sai Gusau. A can likita ya ce da mun ƙara jinkiri da magana ta canza, aka yi aiki.

Ina kwance a gadon asibiti na tuna abin da ba mu taɓa tambayar Inna ba: bayan gari ya sani, yaya aka yi da yaran matar nan? A Birnin Tsabar da na tashi, gidan da aka ji rumbunsa ya ƙare, ƙwaryar gero kan tsallako danga ba a faɗin daga wa. Ko Inna ta san haka ta ƙi ƙarasawa, ko kuwa a wurinta kunya ta fi yunwa ciwo, Allah ya ji ƙanta, ta tafi da amsar.

Na'urar dai har yau ban yarda da ita ba, munafuka ce. Da na sami sauƙi Lawali ya zo da kunyarsa, ya ce in kawo ya cire sunansa ya yi mini rajista tawa, kada wani ya ƙara ganin abin da nake ara. Na riƙe ta na daɗe ina jujjuyawa. Na ce masa ya bar ta yadda take.