Tsohuwar da Ta Zo Neman Ƙauyensu

Shekarun baya, lokacin ina acaɓa a Tudun Wada, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Nan aka haife ni, kuma na sha cika baki a majalisa cewa ko an ɗaure mini ido zan kai mutum kowane lungu na Zariya.

Wata rana da hantsi wata tsohuwa ta sauko daga mota a tasha, da ƙullin kaya a ka. Ta ce tun tana amarya mijinta ya tafi da ita Kamaru, ba ta sake tako ƙasar Zazzau ba. Yanzu ya rasu, ta zo neman ƙaninta, shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu, in ma yana raye. Ta faɗi sunan ƙauyensu. Wallahi ban taɓa jin sa ba, amma na ce, "Inna, hau mu je, kamar kin isa."

Ta ce ƙauyen yana da rafi da gonakin dawa, da wani falalen dutse inda mata ke niƙa. Da jin gonaki sai na miƙi hanyar bayan gari. Muka yi wajen Dutsen Abba, na tambayi manoma, na tambayi makiyaya, kowa sai ya girgiza kai. Tsohuwa na bayana tana ta yi mini tsiya: "Angona, mu da ƙafa muke kai fura birni mu dawo kafin azahar. Kai ga ka da inji, kana neman mayar da ni Kamaru!"

Muna dawowa ta daina tsokana. Can na ji ta ce a hankali, "Ko dai duk sun ƙare ne?" Nan na rage gudu.

Daf da Tudun Jukun babur ya fara tari, na tsaya wurin wani dattijo Ibo mai sayar da kayan babur, wanda ya daɗe a unguwar. Yana canza mini fulogi ina ba shi labari. Ina ambaton sunan ƙauyen ya saki sufana ya fashe da dariya.

"Kai ɗan gari! Ai cikinsa kake tsaye. Da na zo, haka tsofaffi ke kiran nan. Waccan kwatar da kake tsallakewa kullum, ita ce rafin."

Tsohuwa ta dubi benaye da wayoyin lantarki, ta ce sam ba ta yarda ba. Ya ce, "Mama, zo ki gani." Ya zagaya da mu bayan shagonsa, sai ga falalen dutse, an shanya barkono a kai. Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta sa hannu a wani gurbi mai santsi. "Wannan na innarmu ne!" Ta rangaɗa guɗa.

Daga nan ita ta shige gaba, ni ɗan gari ina binta da gudu rungume da ƙullinta. Ta karya kwana, ta sake karyawa, sai ga wani zauren ƙasa a matse tsakanin benaye biyu. Wani tsoho makaho na zaune a tabarma. Ya amsa sallamarta, bai gane muryar ba. Ta kamo hannunsa ta ɗora a kuncinta, a kan tsagen gidansu. Yatsunsa suka bi zanen ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya?"

Ban san sanda na fara tsalle ina kabbara ba. Maƙwabta suka fito, Ibo da ya biyo mu na ta tafa hannu, ni kuwa ƙato da ni ina kuka ina dariya.

Ranar na gane cewa layukan gari kawai na sani, ban san abin da aka gina su a kai ba. Har yau idan na tuna sai daɗi ya rufe ni, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar tsohon, bayan an kawo mana ruwa. Ya ce 'yan'uwa duk sun sayar sun tashi, shi ma masu saye sun yi ta zarya a kan zauren nan.

"Na ƙi," in ji shi, hannunsa riƙe da nata. "Na ce in na tashi, ranar da Yaya ta dawo, wa za ta tarar?"