Tuwon da Na Kai Majalisar Dara

Shekara goma sha tara ina dakon siminti a Kalambaina, abin da na samu ina kaiwa gidan giya. Matata ta tafi da yara. Ban ga laifinta ba. Da cikina ya kumbura, likita ya ce in zaɓa, kwalba ko rai. Na bari.

Abin da ba a gaya mini ba, yamma tana da tsawo. Daga la'asar zuwa magariba ban san inda zan sa kaina ba. Abokan sha ba su neme ni ba, ni ma ban neme su ba.

Akwai majalisa a Ƙofar Dundaye, gindin dogon yaro, inda ake dara. Ina saurayi ba mai cina a wurin. Na je na tsaya bayan mutane. Kwana uku ba wanda ya kore ni, ba wanda ya ce in zauna. A na huɗu taubashina, ɗan gwaggona mai gyaran keke, ya ɗago kai.

"Kai, gadi anka ba ka? Zamna in kashe ka."

Na zauna. Hannuna na rawa, sai da na tallafe shi da ɗayan kafin tsinke ya shiga gurbi. Ya cinye ni sau uku.

"Can baya ka ce giya ce. Yanzu mi za ka ce?"

"Tsufa."

"Awo, ni jiya anka haife ni."

Aka yi dariya, har da ni. Na manta rabona da ita.

Na koma kullum, hannun ya fara natsuwa. Saura ciyayya. Bayan magariba kowa zai shiga gida ya ɗauko kwanonsa, a haɗa a ci tare. Wanda ba ya kawowa ba a hana shi ci, amma baƙo ne ko ya shekara. Ni ba mai dafa mini. Da an sallame salla sai in sulale. Ga kuma dattijon majalisar, wani tsohon tela da na taɓa yi wa amai a ƙofar shago. Tun ranar bai ƙara amsa gaisuwata ba.

Wata Laraba na sayi garin dawa da kuka, na tuƙa tuwo da kaina. Ban taɓa yi ba. Ruwa na tafasa na juye garin gaba ɗaya, ban san ana fara talge ba.

Na ajiye kwanon cikin kwanoni. A majalisa, kwanon da aka tashi ba a buɗe ba, an gama magana da mai shi. Aka cinye na farko, aka cinye na biyu. Nawa na rufe. Na fara laluben takalmina.

Sai telan ya jawo shi. Ya buɗe, ya yi bisimilla, ya kai loma. Ya daɗe yana tauna.

"Wa yat tuƙa wanga?"

"Ni ne, Baba."

Taubashina ya sa hannu, ya zaro gudaji kamar goro. "A aje mini wanga, in yi dara da shi gobe."

Duk suka sa hannu, suna ci suna tsiya. Telan bai yi dariya ba, bai kuma janye hannu ba sai da ya ga gindin kwano.

"Gobe ka zo gidana kafin la'asar," ya ce, "tsohuwa ta gwada maka yadda ake talge. In kullum za ka riƙa kawowa, ba mu yarda ka kashe mu ba."

Na ce to. Na je.