Kuɗin Shiga Tatsuniyar Kaka

A gidanmu na Yelwa ba a sauraron tatsuniya kyauta. Da an gama tuwo, Kaka Falmata, mahaifiyar babanmu, za ta zauna gaban murhu, mu jikoki mu jeru kowa da asuwaki a baki. Ɗaya bayan ɗaya take ɗaga mana leɓe da yatsanta mai ƙanshin daddawa, ta juya fuskarmu wajen hasken wuta. Wanda ta ga ragowar alewa a haƙorinsa sai ya koma bakin randa. Haushinta nake ji sosai a lokacin.

"Kai Zara, buɗe baki," haka take ce mini, don a Hausarta ta Borno mace da namiji duk "kai" ne. In ta gamsu sai ta gyara zama: "To, ga ta nan ta iso, ku matsa mata."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta ɗan kura da ya tsinci zuma a kogon dutse wajen Bahuli. Kullum sai ya cika baki da ita ya kwanta. Uwarsa ta yi faɗa, ya ce haƙoran yarinta ne, ai zubewa za su yi. Yana barci ƙiyashi suka bi zaƙi, suka haƙa ɗakuna a haƙoransa, har suka gangara inda sababbin ke kwance. Ranar da kuraye suka sami mushen bijimi a bakin mayo, wato kogi, kowa na ƙwas-ƙwas da ƙashi, shi kuwa sai lasa yake yana hawaye.

"Kura ba haƙori, kare ma yana dariya shi," in ji Kaka, mu yi ta ƙyalƙyatawa.

Ta rasu kafin na yi aure, amma yatsanta bai bar ni ba. 'Yata Fanna tana shekara uku, wata safiya na ɗaga mata leɓe ba tare da na shirya ba. Na ga farin tabo kamar alli a gindin haƙoranta na sama.

"Maman Fanna, haƙoran nono ne fa," in ji maigidana yana dariya. "Za su zube."

Na dube shi na ce, "Haka ɗan kura ya ce." Na goya ta, na tare keke zuwa asibiti.

Likitar haƙori ta yi mini tambayoyi: da fida, kwalbar shayar da yara, take barci? Me ke ciki? Na ce shayi da sukari. Ta ce ruɓewa ce ta fara, amma ba ta huda ba tukuna. Ta shafa mata maganin fulorayid mai ƙarfafa haƙori, ta ce a daina fidar dare, a riƙa goge baki safe da dare da ɗan man goge baki, mu riƙa dawowa ana dubawa. Mun sha kukan fida, ban ja da baya ba.

A Babbar Sallar bana Fanna ta cika takwas. Ta ɗauki haƙarƙarin rago ta hau gwaguya, ƙwas-ƙwas, ba rami ko ɗaya a bakinta. Babanta ya ce ta bi a hankali. Ni kuwa farin ciki ya cika ni, na tura mata wani ƙashin.