Mun Kai wa Ustaz Shawarar "Ƙara" a Damazin

Ana sallame sallar asuba muka bar Rufa'a, ni da yayana da abokiyar aikina. Wani ƙauye kusa da Damazin muka nufa, wurin tsohon malaminmu na jami'a da muke kira Ustaz. Shi ya ƙirƙiro ƙaramin harshen kwamfuta da muke koya wa 'yan sakandare rubuta manhaja da shi, kuma ko harafi ba a canjawa sai da yardarsa.

Shawarata ce ta tashe mu. A harshen nan, in za ka ƙara sabon aiki a kan abin da wani ya riga ya rubuta ba tare da ka taɓa asalin ba, dole ka maimaita sunan abin a kowane layi. Ni na ce a rubuta "ƙara" da sunan sau ɗaya, ayyukan su jeru a ƙarƙashi. Abokiyar aikina ta ƙi. Tun daga Madani muke musu, har kwandastan bas ya tambaya ko gado muke rabawa.

A Sinja muka karya da ful da ta'amiyya. Mai shayin ta ji muna Hausa, sai ta ƙaro mana jabana, wato gahawa, kyauta. Daga nan hanya ramuka ce, amma dawa da riɗi kore shar hagu da dama.

Mun iske Ustaz a gindin mangwaro, bakin kogi. Sai da muka ci kisra da miyar kuɓewa ya karɓi kwamfutata. Ya karanta shawarar, sannan ya dube ni.

"Ɗiyata, in aikin da kika ƙara ya ci suna ɗaya da na asali, wanne za a bi?"

"Na asali, ya Ustaz."

"Tamam." Ya juya ga abokiyar aikina. "Ke kuma mi ad damuwarki?"

Ta ce manhajojin da yara suka riga suka rubuta za su daina aiki. Wallahi ban taɓa tunanin haka ba, don duk musun da muka sha a hanya ban tsaya na ji dalilinta ba.

"Ku duka kuna da gaskiya," in ji shi. "Sabuwar hanya ta shigo, tsohuwa kuma a bar ta tana aiki."

Ni da abokiyar aikina muka rungume juna muna dariya. Yayana, da bai gane komai ba, ya ruga ya sayo agashe.

Washegari da la'asar muka iso gida lafiya. Na tafi neman a ce ni ke da gaskiya, na dawo na san wadda zan fara nuna wa duk abin da na rubuta.